Tambayoyinku: Na danna ristat, kwamfuta ta tafi ba ta dawo ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya ba tare da masu aikowa sun san juna ba, wato maganar ristat, sai na ce bari in haɗa su wuri guda. Masu tambayar batirin waya da na sola ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, ina gajiya. Ni yaron shago ne, ina koyon gyaran kwamfuta a Adum shekara biyu kenan. Wani kwastoma ya kawo mana destop homyus, wato tsohuwa da aka shigo da ita daga waje, muka sa masa Ubuntu, komai yana aiki lafiya lau amma da zarar ka danna ristat sai sikirin ya yi baƙi fanka tana ta juyawa, ko awa ɗaya ka jira ba za ta dawo ba sai ka danne maɓallin wuta ta mutu sannan ka kunna, toh nan kam tana tashi ba matsala. Mun canza RAM mun canza batirin CMOS mun sake sa Ubuntu ɗin har sau biyu duk a banza. Masta na ya ce bod ɗin ne ya fara mutuwa, a faɗa wa mai ita ya sayar wa 'yan kondem ya cika kuɗi ya sayi wata. Ni dai raina bai kwanta ba don da Windows ɗin da ta zo da shi tana ristat lafiya. Dan Allah mene ne gaskiyar abin?
Daga wani yaron shago, Adum, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dan Allah kar a kai injin nan wurin 'yan kondem, a riƙe shi tukuna. Maganarka ta ƙarshe ta riga ta amsa rabin tambayar, bod ɗin da yake mutuwa ba ya zaɓe, ba zai yi wa Windows biyayya ya ƙi Ubuntu ba. Kuma ba raina Masta ɗinka nake ba, ya fi ka daɗewa a sana'a kuma sau da yawa baƙin sikirin da fanka tana juyawa alamar bod ne da gaske, amma a wannan ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau.

Ga abin da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Kanel, wato zuciyar Ubuntu ɗin nan mai juya firosesa da RAM da duk kayan ciki, ba ya iya tayar da kansa da kansa. Roƙo yake yi. In ya gama rufe komai sai ya je ya taɓa wani wuri a bod ya ce a ja wa firosesa layin riset, ita kuma in an ja mata layin nan sai ta manta duk abin da take ciki ta koma kamar yau aka kunna ta, ta nufi adireshi FFFFFFF0, baiti 16 kenan ƙasa da ƙarshen gigabait 4, ta karɓi umarnin farko daga BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a bod mai tayar da kwamfuta. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da ake taɓawa ba ɗaya ba ne, ƙofofi ne da yawa da aka riƙa ƙarawa shekara da shekaru kuma ba kowane bod ne ke amsa kowace ƙofa ba.

Mafi tsufa a ciki za ta ba ka mamaki, ta hannun kibod ake bi. A 1984 kamfanin IBM ya fitar da PC/AT mai firosesa 286, ita kuwa 286 in ta shiga sabon yanayinta na aiki ba ta da hanyar komawa tsohon yanayi sai an yi mata riset, sai injiniyoyi suka duba suka ga ƙaramin cif ɗin da ke kula da kibod mai lamba 8042 yana da ƙafar da ba ta aikin komai, suka ɗaura layin riset a kanta. Tun daga lokacin in ka rubuta FE a ƙofa ta 64, duka lambobin a lissafin heks, wato ƙirge mai tushe 16, kwamfuta za ta tashi daga farko. Sama da shekara arba'in kenan kuma har gobe ana amfani da ita, tsohuwar zuma da ita ake magani. Bayanta aka samu ƙofar CF9 a cifset, wato cif ɗin bod mai haɗa firosesa da sauran kaya, wadda in ka rubuta mata 06 riset ne mai ƙarfi, in ka rubuta 0E kuma har wuta take yankewa na 'yan daƙiƙu sannan ta dawo. Sai hanyar ACPI, inda BIOS ke ajiye wani jadawali yana cewa ga wurin da za a taɓa a wannan bod ɗin ga lambar da za a rubuta, sai hanyar UEFI, magajin BIOS, a sababbin injuna. Ta ƙarshe ita ce wadda nake kira tuntuɓe uku: kanel da gangan yake goge jadawalin da firosesa ke dubawa in an samu kuskure, sannan ya jawo kuskuren, ta nemi mai gyara ba ta samu ba, wannan ya zama kuskure na biyu, ta sake nema babu, a na uku sai ta sallama ta faɗi, bod ya ga ta faɗi ya yi riset.

Linux yana bin su ne a jere, ACPI sannan kibod, ya sake ACPI ya sake kibod, sannan UEFI sannan BIOS, tuntuɓe uku yana can ƙarshe. Ya ɗauki wannan jerin ne don ya kwaikwayi yadda Windows ke yi tunda masu ƙera bod da Windows suke gwada kayansu. To amma jerin yana aiki ne kawai in ƙofar da aka taɓa ta yi shiru ba ta amsa ba. In ta amsa rabi da rabi, misali jadawalin BIOS ɗin yana da kuskure ko riset ɗin da aka samu mai laushi ne ya taɓa firosesa ya bar sauran bod yadda yake, toh kanel ya riga ya tafi babu mai gwada ƙofa ta gaba, BIOS kuma ya farka ya tarar da gidan da bai gane ba sai ya tsaya cik. Baƙin sikirin ɗinka kenan da fanka tana juyawa.

Bari in ɗan tsaya a kan gidan da bai gane ba ɗin nan don nan ne ainihin ilimin yake. Firosesar yanzu ƙwayoyi ne a ciki, biyu ko huɗu ko takwas, kamar Masta da yaransa a shago ɗaya. In an kunna wuta ƙwaya ɗaya ce kawai ke tashi, ita ke gudanar da BIOS, sauran suna barci sai kanel ya tashe su daga baya. Saboda haka BIOS ya saba shi kaɗai ne a shago. Ka ga kenan in za a mayar masa da makulli dole a sallami yaran tukuna, shi ya sa Linux yake komawa kan ƙwaya ta farko, ya aika wa sauran saƙo cewa kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jira su har daƙiƙa ɗaya, wadda ta toshe kunne ya aika mata NMI, kiran da ba a iya toshe masa kunne.

Sai kuma maganar intaraf. Kibod da agogon ciki da katin netwok da diski ba sa jira firosesa ta zagayo ta tambaye su, sallama suke yi a ƙofa, firosesa ta ajiye aikinta ta amsa ta koma, wannan sallamar ita ce intaraf kuma a daƙiƙa ɗaya ana iya yin ɗaruruwa ko dubbai. Akwai masu gadin ƙofa da ke tsara su. Na da shi ne cif 8259, guda biyu aka haɗa suka ba da layi 15, layi na 0 na agogo na 1 na kibod. Na yanzu APIC ne, kowace ƙwaya da nata, ga kuma wani a cifset mai suna IO-APIC wanda galibi layinsa 24 da ke raba sallama zuwa ga ƙwayoyin. BIOS na gargajiya tsohon mai gadi ya sani, kanel kuwa da ya hau sai ya koma kan sabon ya tsara shi yadda yake so. Lokacin tafiya wajibi ne ya rufe layukan IO-APIC, ya toshe kunnen ƙwayar da ta rage, ya kashe APIC ɗinta, ya mayar da hanyar sallama yadda ya same ta. In an bar layi ɗaya a buɗe sallama ta shigo tana neman mai amsawar da ya riga ya tashi, abin da zai biyo baya sai Allah.

Akwai ma wani tarko ga masu gudanar da kwamfutar cikin kwamfuta irin su KVM da VirtualBox. Firosesar Intel in tana cikin yanayin VMX ba ta sauraron siginar INIT sam, ita kuwa INIT ita ce riset mai laushin da wasu bod ke bayarwa, dole kanel ya fitar da kowace ƙwaya daga yanayin nan kafin ya roƙi riset. Linux yana yin haka, na faɗa ne don ka ga yawan abin da ake kwancewa a 'yan daƙiƙun nan da mu muke ganin ba komai.

Yanzu ga abin da za ka yi gobe da safe kafin kwastoma ya zo. Ka danna ristat ka yi maza ka danna Esc don tambarin Ubuntu ya kauce ka ga rubutun da ke gudu. In ka ga ya tsaya yana ƙirga minti ɗaya da daƙiƙa 30 yana cewa wani aiki bai rufe ba, wannan wata manhaja ce ta maƙale, ba ruwan bod kuma ba ruwan maganarmu. In kuwa layin ƙarshe da ka gani shi ne "reboot: Restarting system" ko "reboot: machine restart" toh kanel ya gama nasa, ƙofa ce ta ƙi. Sai ka kunna, a menun GRUB mai fitowa kafin Ubuntu ya tashi ka danna e, ka nemi layin da ke da quiet splash ka ƙara reboot=pci a ƙarshensa, ka danna F10 ta tashi sannan ka gwada ristat. In ba ta yi ba ka gwada reboot=bios, sannan reboot=kbd, reboot=efi, reboot=triple, ɗaya bayan ɗaya kar ka haɗa. A tsofaffin destop na ofis irin waɗanda ke cika kwantenar homyus reboot=pci ne ya fi yi min aiki, saboda shi ne ke bin ƙofar CF9 mai yanke wuta gaba ɗaya, daidai da abin da kake yi da yatsanka. Wanda ya yi sai ka rubuta shi a /etc/default/grub ka buga sudo update-grub shikenan ya zauna. In akwai sabon BIOS na injin ka sa, amma kar ka kuskura ka fara sai da UPS, dumso, wato ɗaukewar wuta, a tsakiyar wannan aikin shi ne zai kashe bod ɗin da gaske.

Kuma ka sani ba ku kaɗai ba ne, a cikin kanel ɗin kansa akwai dogon jerin sunayen injuna na manyan kamfanoni da aka rubuta kowanne da ƙofar da yake amsawa, naku dai bai samu shiga ba ne. In ta yi, ka nuna wa Masta cikin ladabi ku biyu kawai ba a gaban kwastoma ba. Abin yana min ciwo wallahi in na ga injin mai rai an farfasa shi don jan ƙarfen ciki alhali kalma ɗaya yake buƙata, kuma mai shi wataƙila adashin wata shida ya kwashe ya saya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Aboabo. Kullum dare ina kashe kwamfuta da kyau ta shotdan, amma wani lokaci firinta sai ta ƙi ko sauti ya ɗauke, in na kashe na kunna ba ya gyaruwa, ɗana ya zo ya danna ristat sai ya gyaru. Ni a tunanina kashewa gaba ɗaya ai ya fi ƙarfi, ko ba haka ba?
Daga wata Hajiya, Aboabo

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. Tunaninki daidai ne a hankalce kuma a da haka abin yake, amma tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 aka juya shi. An sa wani tsari na saurin tashi wanda in kin danna shotdan yana rufe manhajojinki ne kawai, kanel da direbobinsa kuwa sai a naɗe su kamar tabarma a ajiye a diski cikin fayil mai suna hiberfil.sys, da safe a shimfiɗa su yadda suke. In direban firinta ya rikice jiya, da rikicinsa aka naɗe shi kuma da shi zai farka. Ristat kuwa ba ya naɗe komai, kanel yana sauka gaba ɗaya a yi riset a tayar da sabo ya tsara kowace na'ura daga farko. Ɗanki ya yi daidai, Allah ya yi masa albarka.

In kina so ki gani da idonki ki buɗe Task Manager ki duba wurin CPU, za ki ga an rubuta kwamfutar ta yi kwanaki tana aiki alhali kullum kina kashewa. Ki riƙe maɓallin Shift lokacin da kike danna shotdan zai kashe ta kashewa ta gaske, ko ɗan naki ya shiga saitin wuta ya cire saurin tashin baki ɗaya, bambancin 'yan daƙiƙu ne da safe.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗaliba ce a Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, shekara ta uku a fannin kwamfuta, gidanmu Asawase. A inda nake atachimen akwai tsohuwar saba da ke ɗaukar mintuna kafin ta wuce BIOS, sai na karanta cewa da kexec ana iya ristat ɗin kanel ba tare da an bi ta BIOS ba. Na gwada kexec -l sannan kexec -e, gaskiya ta tashi da sauri sosai amma netwok ya mutu kuma a dmesg na ga "irq 16: nobody cared" da "Disabling IRQ #16". Da na yi ristat na al'ada komai ya dawo. Me ya jawo? Sannan me ya sa a saitin kdump ake sa nr_cpus=1 da irqpoll da reset_devices, na tambayi na gaba da ni sun ce haka suka tarar.
Daga wata ɗaliba, Asawase

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, kuma na ji daɗi da ba ki tsaya a kan haka muka tarar ba.

Kexec ya shiga Linux a 2005 a siga ta 2.6.13, kuma abin da yake yi shi ne tsohon kanel ya loda sabo a RAM ya yi tsalle ya faɗa cikinsa kai tsaye, babu layin riset babu BIOS. Ki ɗauka ɗakin haya ne a gidan yawa, a ristat na al'ada ɗan haya ya fita, mai gida ya shigo ya share ya canza kwaɗo sannan sabo ya tare, a kexec kuwa tsohon yana fita ta ƙofa sabon yana shigowa da kayansa mai gida bai ma sani ba. Duk abin da tsohon ya bari a kunne a kunne za a same shi. Saurin da kika gani lokacin sharar mai gida ne aka tsallake, matsalar da kika gani kuma ita ce dattin da ba a share ba.

Saƙon da kika gani ga ma'anarsa. Layukan intaraf na tsofaffin katunan PCI irin wanda ake riƙewa ne, na'ura ta ɗaga layin ta riƙe shi ba za ta sake ba sai direbanta ya zo ya taɓa rajistarta ya ce na ji, kuma na'urori da yawa suna iya tarayya a layi ɗaya. Wata na'ura a sabar taki an bar ta da hannu a sama lokacin da tsohon kanel ya tafi. Sabon kanel ya loda direban netwok ya buɗe layi na 16, nan take sallama ta fara zuba, ya tambayi duk direbobin da suka yi rajista a layin kowa ya ce ba nawa ba ne, ya rufe maganar, sallama ta sake dawowa, haka dai ba tsayawa. Linux yana ƙirgawa, in a cikin 100,000 an samu 99,900 da ba wanda ya amsa sai ya yanke hukuncin layin ya maƙale ya rufe shi don kar injin ya ƙare a amsa sallama, kuma rufewar ta haɗa da katin netwok ɗinki da wataƙila bai ci ba bai sha ba. Shi ya sa nake so bayan ristat na al'ada ki buga cat /proc/interrupts ki ga su waye ke zaune a layi na 16, sau da yawa mai laifin maƙwabci ne, na USB ko na hoto, wanda direbansa bai iya rufe na'urarsa da kyau ba lokacin sauka.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari kuma ba ya barin saƙo, DMA. Katin netwok da na diski suna rubutu a RAM kai tsaye ba tare da sun bi ta firosesa ba, kamar 'yan dakon kasuwar Kejetia da aka nuna wa lungu aka ce duk kayan da suka iso a jibge nan, su ba ruwansu da an sayar da shagon, suna isowa za su sauke, in sabon mai shago ya shimfiɗa kayansa a lungun a kansu buhu zai faɗa. Saboda haka kafin tsalle kanel yana kiran aikin rufewa na kowane direba, ya kuma janye wa katunan PCI izinin rubutu a RAM. Sannan ya tsayar da sauran ƙwayoyi ya kashe APIC kamar yadda na yi wa ƙanenmu na Adum bayani a sama, ya ajiye firosesa a yanayin da sabon kanel ke tsammani. Allon hoto ma yakan zo baƙi bayan kexec don wasu katunan BIOS ne kawai ya san yadda ake tashinsu daga farko.

Shawarata, ki daina kexec -e tsurarsa a kan saba mai aiki don ba ya jiran a rufe manhajoji a sauke diski, ki loda da kexec -l sannan ki buga systemctl kexec. In kin gano na'urar da ke riƙe layin ki cire direbanta da modprobe -r kafin tsalle ki ga ko za ta lafa. Kuma ki nemi izinin shugaban sashen kafin ki sake gwaji a kan injin da mutane ke dogaro da shi, ki samu tsohuwar destop ki yi wasanki a kai.

Kdump kuma shi ne kexec a ranar tashin hankali. Kanel ya faɗi, ana so a kwashe abin da ke RAM a ga me ya kashe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun ana lafiya ake ware wani yanki na RAM da crashkernel= a loda ƙaramin kanel a ciki yana jira, kuma tunda tsohon kanel bai taɓa ba wa wata na'ura adireshin yankin nan ba 'yan dako ba su san shi ba. Da faɗuwa ta zo ba a yarda da direbobin kanel mai mutuwa su rufe komai, NMI kawai ake harba wa sauran ƙwayoyi su ajiye rajistocinsu su tsaya, a yi tsalle. Kin ga ƙaramin kanel yana farkawa ne a gidan da komai ke kunne. Nan saitin nan uku suka shigo. reset_devices yana gaya wa direbobi kar su ɗauka na'ura a natse take, su yi mata riset kafin su fara. irqpoll yana cewa in sallama ta zo ba mai ita a zagaya a tambayi duk direbobi, kuma a riƙa leƙa su lokaci lokaci ko an rufe wa wani layi. nr_cpus=1 kuwa yana rage RAM ɗin da ake buƙata, sannan yana kauce wa wani rami: faɗuwa tana iya samun kanel a kan kowace ƙwaya ba lallai ta farko ba, ana tayar da ƙwaya ne da siginar INIT, in aka aika wa ƙwaya ta farko INIT kuwa BIOS take komawa, injin ya tashi daga farko ko ya maƙale, shaidar da ake nema ta salwanta.

Ƙarin abu ɗaya da nake so ki riƙe. In kanel ya mutu yana tsakiyar amsa wata sallama bai kai ga aika EOI ba, wato alamar na gama, APIC zai ci gaba da ɗauka ana kan aikin ya hana duk masu daraja daidai da ita ko ƙasa da ita shigowa. Linux in yana tsara APIC a farkon tashi yana duba irin waɗannan ragowar ya sallame su ɗaya bayan ɗaya. In kin samu lokaci ki buɗe fayil ɗin arch/x86/kernel/reboot.c ki karanta native_machine_shutdown, 'yan layuka ne ba su da yawa, matakan tsayar da ƙwayoyi da kashe APIC da na faɗa za ki gan su a jere. A fayil ɗin include/uapi/linux/reboot.h kuma za ki ci karo da lambar sirri da ake ba kanel kafin ya yarda ya yi ristat, 672274793, ki juya ta zuwa heks za ki samu 28121969, ranar haihuwar Linus Torvalds ce, 28 ga Disamba 1969.

TAMBAYA: Malam in laptop ɗina mai Ubuntu ta daskare sai in danne maɓallin wuta har ta mutu, wani abokina ya ce hakan yana ƙona firosesa. Gaskiya ne?
Daga wani mai karatu, Nima, Akra

AMSA: A'a ɗan'uwa, firosesa ba abin da ke samunta. Danne maɓalli na daƙiƙa huɗu hanya ce da aka gina a bod da gangan, ba ta bi ta kanel ko kaɗan shi ya sa take aiki ko komai ya daskare. Wanda ke shan wahala diski ne da fayilolinka, domin kanel yana riƙe rubutu a RAM ya zuba a diski daga baya, in ka yanke wuta abin da bai sauka ba ya tafi kenan kuma wani lokaci har tsarin fayil ɗin ya cuɗe.

Kafin ka kai ga maɓalli ka gwada wannan. Ka riƙe Alt da SysRq, a yawancin kibod yana tare da PrtSc kuma a wasu laptop sai ka haɗa da Fn, sannan ka danna S ka jira kaɗan, ka danna U ka jira, sannan B. S yana zuba abin da ke RAM a diski, U yana kulle diskin daga rubutu, B yana ristat nan take. Ubuntu ya bar waɗannan ukun a buɗe tun daga shigarwa. Suna aiki ne saboda sau da yawa abin da ya daskare fuskar allo ce kawai, kanel yana nan da rai yana amsa sallamar kibod. In ka danna ba abin da ya motsa, ko fitilar Caps Lock tana ƙyaftawa ita kaɗai alamar kanel ɗin ya faɗi, toh danne maɓallin, ka ƙirga goma sannan ka kunna.